Lasifikar Hagu Ba Ta Da Laifi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ne mahaifinku, kuma da hannuna nake wannan rubutu, da hantsi, bayan na karya na sha magani. Ina cikin hankalina sarai. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya tsaya a kaina yana gaya mini abin da zan ce. In kun ga layi yana karkacewa, hannu ne ke rawa, kan lafiyarsa lau. Likita ya nuna mini hoton ƙirjina ya gaya mini gaskiya, ni ma ba zan yi muku kwana-kwana ba: abin da ya rage ba shi da yawa. Na zaci zan firgita, sai na tarar godiya ta fi tsoron yawa a raina. Shekara saba'in da huɗu, mace tagari, 'ya'ya uku, sana'ar da ta rufa mana asiri, da ɗaki guda da nake shiga in ji kiɗa. Wanda aka ba wannan ya ce bai gode ba ya yi butulci.

Malama, ke za ki karanta wa 'yan'uwanki, tunda ke ce babba kuma muryarki ta saba cika aji. Ki ajiye jan biron nan naki. Shekara talatin da biyar na yi a maɗaba'a ina tsince kuskuren mutane, na san inda nawa suke. Dogo, kada ka fara duba agogo, rabin takardar nan dominka na rubuta ta. Auta, ki yi kukanki a hankali don sauran su ji abin da ake faɗa.

Na ɗaya. Gida da sauran abin da na bari, a kira wanda ya san rabon gado ya raba yadda addini ya tsara, ban sa baki a ciki ba. Roƙona ɗaya ne, ku bar mahaifiyarku a ɗakinta iya rayuwarta, kada wani ya zo mata da maganar sayarwa ko da wasa. Kayan ɗakin sauraro kuwa ba sa cikin gado. Na riga na bayar da su kyauta tun ina raye, a gaban baffanku da maƙwabcinmu kafinta, duk sun sa hannu. Nan ina gaya muku ne wa na ba me, da dalili.

Na biyu. Lasifikun nan biyu na Dogo ne, tare da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da na'urar juya faifai. Na san abin da za ka ce, za ka ce ba ka so, a ba wani. Shekara tara ke nan rabonka da taka ƙofar ɗakin. Shekara tara kai da yayarka ba abin da ke haɗa ku sai gaisuwar da ba ta wuce leɓe. Ni na jawo wannan, kuma ya fi ciwon da ke ƙirjina damuna. Ba na so in tafi in bar ku haka. Amma kafin in kai can, bari in gaya muku yadda lasifikun suka shigo gidan nan, don kun tashi kun gan su ne kawai, kamar yadda kuka ga bango.

Ina da shekara ashirin da biyu na shiga maɗaba'a. Injin da aka ɗora ni a kansa ƙato ne, yana tsaye a hagun mai aiki, tun safe har yamma yana dukan takarda, sai an yi ihu ake jin juna. Da rana in an kashe injuna don a huta, maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan buɗe wata 'yar rediyo mai rigar fata ya ɗora a kan tarin takardu. A nan na fara jin kiɗan Turawan nan da ake kira jaz. Na ɗauka mutanen gwajin kaya suke yi kafin su fara kiɗan, na zauna ina jira su fara har aka gama. Maigida ya yi dariya har da tari. Ya ce in daina neman jin kowa a lokaci guda, in zaɓi mutum ɗaya in bi shi, ya ce in fara da mai bas, ƙaton abin nan mai tsirkiya huɗu da ake rungumewa a tsaye. Na bi shi mako guda. Sai na koma kan mai ganga, sai mai fiyano. Wata rana kawai na gane ashe hira suke yi. Wannan ya faɗi tasa, wancan ya karɓe, wani ya yi tsokana, wani ya ja gefe ya bar wa ɗan'uwansa fili. Tun daga ranar ban warke ba.

Shekara ashirin ina ji a ƙananan rediyoyi da wata tsohuwar na'ura da ke mayar da kowane ƙaho kukan agwagwa. Sai da Malama ta kai aji uku na firamare, Dogo yana ɗan shekara huɗu, sannan hali ya yi na nemi kayan sauti na kirki. Shagon yana saman bene a titin masu sayar da kayan lantarki, ana hawa ta wata siririyar matakala. Mai shagon tsoho ne marar son magana, yana da ɗaki a ciki mai shimfiɗe da darduma, kujera ɗaya tak a tsakiya. Asabar huɗu a jere ina zuwa da faifaina a hammata, in zauna, in ji, in tashi ban saya ba. Bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Zuciyata ta riga ta tafi kan wasu lasifiku baƙaƙe masu tsawon firji, waɗanda in aka buga ganga sai ka ji ta a haƙarƙarinka.

Asabar ta biyar mahaifiyarku ta ce za ta bi ni ta ga abin da ke cinye mata miji. Kun san ra'ayinta kan jaz, cewa take kiɗan mutanen da suka ɓata hanya ne kowa yana neman gida. Tsohon ya zaunar da ita a kujerar, ya sa mata baƙaƙen. Ba ta yi minti biyu ba ta ce waɗannan faɗa suke yi mata. Ya haɗa wasu masu ruwan ƙasa, ba su kai mini ƙirji ba, waɗanda sau huɗu ina wuce su ban ko kalle su ba. Ta saurara can, sai ta ce ta ji mai busa yana jan numfashi, kuma da alama yana da mura. Na karɓi kujerar na saurara, wallahi haka ne. Shekara goma ina da faifan nan ban san mutumin yana numfashi ba. Su muka ɗauko. Na bar ku kuna zaton ni na zaɓa, yau na gyara labarin.

Na uku. Wannan naki ne Auta, ke da mijinki, tunda na ji yana neman sayen lasifika kuma yana ta nuna mini hotuna a waya. Ki gaya masa ba a auren lasifika ta hoto. Ya tafi da faifan da ya sani kamar tafin hannunsa, kada ya yarda da na mai shago, don kowane mai shago yana da faifan da ke rufa wa kayansa asiri. In za a gwada masa biyu, ya tsaya kai da fata a daidaita ƙarar, domin wadda aka ɗan ƙara wa murya kullum ita ke fitowa kamar ta fi. Ya ƙwanƙwasa jikin akwatin da bayan yatsa, in ya ji yana amsawa kamar ganga ya wuce, akwatin kirki shiru yake yi. Ya sa a rage ƙarar ƙasa sosai, in har yana iya bin mai bas mataki-mataki to akwai magana. Ya saurari muryar mutum, don nan ne kunne ba ya yarda a cuce shi. Ya zauna awa guda cur. Akwai wadda za ta burge ka a minti biyar, kafin awa ta cika kanka yana sara. Ya kuma auna ɗakinsa kafin ya auna burinsa, falonku bai fi ƙarfin matsakaita ba, ƙatuwa a ƙaramin ɗaki gurnani kawai za ta yi.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi duka, kuma ni da na fi kowa saninsa ni na karya shi. Kada ya je shi kaɗai, kada kuma ya yanke hukunci da kunnensa shi kaɗai. Ya je da ke. Kunne ma kaya ne, yana tsufa, kuma ba ya gaya wa mai shi.

Na huɗu. Dogo, yanzu na zo kanka. Cikin ku uku kai kaɗai ka kamu da ciwona. Kana ɗan shekara shida kake zama a ƙasa ka jingina da ƙafata, in ce ka bi mai ganga, ka riƙa kaɗa yatsa a gwiwata. Kana sha biyu ka iya sauke allura a kan faifai hannunka ba ya rawa. Kai ka riƙe mini igiyar awo ranar da muka ja lasifikun daga bango taku uku, muka karkato su kaɗan su fuskanci kujera, muka liƙa alama a ƙasa. Alamun suna nan har yau. Duk Asabar da la'asar muna ciki mu biyu, ba na jin akwai uban da ya fi ni jin daɗi a unguwar nan.

Kun san abin da ya faru, amma zan faɗe shi yadda yake don a ji daga bakina. Mun yi tafiya ni da mahaifiyarku mako biyu dubiyar ƙanwarta. Da muka dawo, Malama ta ce mini ta ga Dogo ya shiga ɗakin da abokansa uku ranar Lahadi da rana, ta kuma ji kiɗa. Ko takalmi ban cire ba na shiga. Na ɗauko faifan nan mai koren bango wanda gefensa ya yage, na sa gefe na biyu. A waƙar farko mai ganga yana hagu, yana shafa farantan tagulla da 'yar tsintsiyar waya, wani siririn sauti kamar yayyafi a kan kwano. Na kasa kunne. Ganga tana nan, amma yayyafin babu. Na ce shi ke nan, an ƙure ƙara an ƙona wa lasifikar hagu ƙaramin bakin nan na sama da ke fitar da siririn sauti.

Na kira ka. Ka ce faifai ɗaya ka sa musu, kuma ba ka wuce inda nake tsayar da ƙarar ba. Ka ce kai kana jin farantan sarai. Wannan ya ƙara tunzura ni, na ga kamar raina mini hankali kake yi. Na kira ka maƙaryaci a tsakar gida, a gaban yarinyar da za ka aura, wadda ta zo yi mana sannu da zuwa da kwano a hannunta. Na ce kada ka sake taka ɗakin. Ka ce to. Ban taɓa jin kalmar da ta yi mini tsada kamar wannan to ɗin ba, don ka riƙe ta har yau.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya biyo baya. Duk mai wasa da kayan sauti ya san gwajin farko: a sauya wa lasifikun wuri, ta hagu ta koma dama. In matsalar ta bi ta, to ita ce. Ban yi gwajin ba sai bayan mako guda, bayan na gama zagi. Na sauya, matsalar ta tsaya a hagu. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce to amfilifaya ka ƙona. Na kai wa mai gyara, ya riƙe ta kwana biyar ya ce lafiyarta lau. Na sauya wayoyi. Na sauya allura. Na cire labule na mayar, na ja kujera gaba na ja ta baya. Shekara biyu ina wannan hauka, kullum hagu a dushe, kullum ina ƙara jin haushinka.

Wata Asabar da yamma, koren faifan yana juyawa, na tashi in ɗauko tabarau a kantar da ke bayan kujera. Na juya wa lasifikun baya ke nan sai ga yayyafin nan ya zubo, tas, kamar ranar da muka sayo su. Na tsaya na kasa kunne. Na juyo na fuskance su, ya ɓace. Na sake juya baya, ya dawo. Lasifikar hagun da na yi shekara biyu ina jin ta a dushe, da ta samu kunnena na dama sai ta yi magana. Sau nawa na juya a tsakiyar ɗakin nan, ban ƙirga ba. Daga ƙarshe na zauna a ƙasa, inda kake zama kana yaro, na yi kuka.

Likitan kunne ya sa mini abin ji ya yi ta danna maɓalli, ya zana mini layi biyu a takarda. Na dama ya ɗan sunkuya irin na tsufa, na hagu kuwa ya gangara ƙasa. Ya tambaye ni ko na taɓa aiki kusa da inji. Na ce shekara talatin da biyar, kuma a haguna yake. Ya ce abin ya daɗe yana tafiya a hankali, ranar da na lura ita ce kawai ranar da na zauna ina neman laifi. Takardar tana cikin bangon koren faifan, ku ciro ku gani.

Shekara bakwai ke nan da na sani. Me ya hana ni faɗa? Girman kai ne, ba wani abu ba. Duk titin nan Mai Kunne ake ce mini. Wanda zai sayi rediyon mota ma sai ya zo in raka shi. In fito in ce Mai Kunne kunnensa ɗaya ya mutu, kuma ya kori ɗansa a banza, sai na kasa. Sau biyu na ɗauko maganar. Ranar da aka haifi 'yarka muna tsaye a barandar asibiti, na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayarka nauyin jaririya. Bara kuma da ka kawo ni gida daga ganin likita, muna zaune a mota, sai na ɓuge da ce maka tayar baya tana son iska. Duk shekarar da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi, don sai in nemi gafarar zargin in kuma nemi ta shirun.

Dogo, ba ka yi ƙarya ba. Ba ka ƙona komai ba. Lasifikar hagu lafiyarta lau, ko sau ɗaya ba a taɓa kwance ta ba. Ni na zalunce ka, na kunyata ka a gaban matarka, na gane gaskiya na ɓoye. Ka yafe mini don Allah. Ka kuma roƙar mini matarka, wadda ta ga abin da ta gani a ranar amma ba ta taɓa fasa durƙusawa ta gaishe ni ba. Allah ya saka mata da alheri.

Na biyar. Malama, faya-fayan duka naki ne, ɗari uku da 'yan kai, har da koren. Kada ki ce mini ba kya jin jaz. Tun kina sakandare kike kawo littattafanki ki zauna a bakin ƙofar ɗakin wai nan ne ya fi iska, yanzu ma in kin zo da takardun ɗalibai nan kike baje su. Na sha hango ƙafarki tana motsi. Ke ma ina neman gafararki. Abin da kika gani kika faɗa, ba ki ƙara ko kalma ba. Ni na ɗauki maganarki na yi bulala da ita, sannan na bar ƙaninki yana kallonki a matsayin wadda ta haɗa shi da ubansa. Ke kuma da taurin kan da kika gada a wurina kika ce ba za ki ba da haƙuri kan gaskiya ba. Kin yi daidai, shi ma ya yi daidai, mai laifin yana zaune a kujera yana kallon ku.

Na san abin da na yi da wannan rabo, kada ku zaci rikicin tsufa ne. Dogo yana da na'ura ba faifai, Malama tana da faifai ba na'ura. Na hana a sayar, na hana a yi musaya. Wanda yake son ji sai ya nemi ɗan'uwansa. Kada kuma wani mai son sulhu ya ce a ba kowa lasifika ɗaya. Guda ɗaya ba ta da amfani, rabin makaɗan za ka ji.

Na shida. Auta, 'yar rediyon maigidana mai rigar fata taki ce. Ya ba ni ita ranar da ya bar aiki, tana kamawa har yanzu in an ɗan bubbuga gefenta. Ba ta kai sauran kayan ba a ido, amma daga ita komai ya fara, kuma ita na fi so. Na kuma sauke ki daga aikin da ba wanda ya ɗauke ki amma kike yi shekara tara: gaya wa Yaya kaza, gaya wa Dogo kaza, ki rage zafin magana a hanya kafin ki isar. Na san sau da yawa ke kike ƙirƙiro gaisuwar da ba wanda ya aiko. Na gode. Daga yau duk mai magana ya kira ɗan'uwansa da bakinsa, kowa yana da waya.

Na bakwai. Akwai haƙƙin mutum ɗaya a kaina. Mai gyaran nan da ya ce amfilifaya lafiyarta lau, na gaya masa a gaban mutane cewa bai san aikinsa ba, gara ya koma gyaran fitila. Har ya ce mini cikin ladabi ko zan je a duba kunnena, na ɗauki kayana na fita ban yi masa sallama ba. Na je nemansa wata uku da suka wuce na tarar ya tashi, an mayar da shagon wurin aski. Mai askin ya ce ya koma bayan tashar mota. Dogo, ka nemo shi. Ka kai masa akwatin kayan aikina mai jan murfi, ka ce masa Mai Kunne ya ce shi ne da gaskiya.

Na takwas. Kula da kayan. Kada a ɗora kofin shayi ko tukunyar fure a kan lasifika, Malama da ke nake. A bar rigar gaban lasifikun a rufe in jikoki suna nan, don ƙaramin bakin nan na sama yana kiran yatsan yaro. Amma kada a hana su shiga. Na yi wa ɗakin nan tsaro fiye da kima, ga inda ya kai ni. In yaro ya lotsa wani abu a gyara, in bai gyaru ba a haƙura. A rage ƙara kafin a kunna, a rage kafin a kashe. A goge faifai kafin a sa, a riƙe shi ta gefe. Kada a bar kayan su yi wata ba su yi magana ba, zama yana lalata su fiye da aiki.

Na tara. Mahaifiyarku. Ɗakin nan asali na ɗinkinta ne, ta kwashe kekenta ta koma baranda, shekara talatin da ɗaya ke nan. Na ce mata in na tafi a kwashe kayan a mayar mata da ɗakinta, ta ce ita ba ta iya Asabar ba tare da hayaniyar ɓatattun nan ba. Saboda haka kayan suna nan inda suke muddin tana raye, masu su su riƙa zuwa suna kunna mata.

Ta riga likita sanin kunnena. Na lura daga baya cewa ta daɗe da sauya wurin zamanta a tebur ta koma damana, in muna tafiya a titi ta zagayo ta dama, in za ta gaya mini abu ta taɓa kafaɗata ta dama. Sau uku tana ce mini in je a duba ni, in kuma kira ɗana, ina hayayyaƙo mata. Ba ta tona ni a gabanku ba, ba ta kuma daina gaya mini gaskiya in mun keɓe ba. Da na gaya mata zan rubuta wannan takarda a karanta bayan raina, ta ce wannan ragwanci ne, wanda aka nemi gafararsa yana da haƙƙin ya ga fuskar mai nema. Kullum ita ke jin abin da ban ji ba. Ku riƙe ta da kyau, ban san da bakin da zan gode mata ba.

Don haka ba za a jira mutuwata ba. Na ce ta tara ku ranar Asabar mai zuwa da la'asar, a falo. Lokacin da Malama take karanta wannan layi, in Allah ya kai ni, ina cikin ɗakin sauraro, ƙofa a buɗe. Ba a kujerar nake ba, na sa an kawo mini ta roba na ajiye a gefe. Kujerar tsakiya babu kowa a kai. Na goge allura, na kunna amfilifaya ta yi ɗumi. Koren faifan yana kan kanta, ban taɓa shi ba tunda yanzu ba nawa ba ne.

Dogo, ban tilasta maka ba. In ka tashi ka tafi ba zan riƙe ka a zuci ba, kyautar tana nan, albarkata tana tare da kai. In kuwa ka shigo, ka roƙi yayarka aron faifanta, ta miƙo maka da hannunta. Ka sa gefe na biyu, ka zauna a tsakiya. Ni ba zan ƙara jin yayyafin nan ta hagu ba har in koma ga Allah. Ka saurara, in ya zo ka kaɗa mini yatsa a gwiwa yadda kake yi da, in san yana nan. Wannan karon duk abin da ka ce ka ji, na yarda.

Allah ya yi muku albarka, ku da mazanku da matanku da 'ya'yanku. Allah ya ba ku masu jin ƙanku kamar yadda kuka ji ƙaina, ya tsare ku da taurin kaina, ya bar muku son da nake muku. Ku riƙe juna, ku riƙe Asabar, kada kowa ya kwana da maganar da ya kamata ya faɗa wa ɗan'uwansa. Na yafe muku duka, abin da na sani da wanda ban sani ba. Ku sa ni a addu'a.

Malama, ninke takardar haka nan. Ina ciki ina jira, kuma wanda zai yi mini magana ya zagayo ta dama.

Mahaifinku.